Hawan Chappal Waddi: lissafin da ake yi kafin a ɗaura takalmi

Mutumin da ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, irin ta Kano ko Haɗeja ko Maraɗi, da nisa yake auna tafiya. A ce masa kilomita 12 ne, sai ya ce awa biyu da rabi, kuma ya faɗi daidai, domin ƙafar lafiyayyen mutum tana cin kusan kilomita 5 a awa idan hanya ta miƙe. Wannan lissafin ne yake jefa baƙi cikin wahala a tsaunukan kudancin Gandun Dajin Gashaka-Gumti. A can kilomita 12 na iya cinye wuni guda cur. Wanda bai sa wannan a ransa tun daga gida ba, shi ne magariba za ta riska a tsakiyar kurmi, gorarsa ba ko ɗigon ruwa, gwiwoyinsa suna rawa.

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa yana jingine da iyakar Kamaru. A 1991 gwamnatin tarayya ta haɗe tsoffin gandayen namun daji biyu, na Gashaka da na Gumti, ta mai da su guda, hedkwatarsa tana Serti a kan hanyar Bali zuwa Gembu. Ɓangaren arewa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Kudu kuwa wata duniya ce daban: kwaruruka masu zurfi, kurmi mai duhu a bakin kowace ƙorama, sannan tsaunukan da Fulani ke kira chappal. Mafi tsawonsu Chappal Waddi, wasu su ce Gangirwal, mita 2,419 sama da teku, kuma babu inda ya kai shi tudu a duk faɗin Najeriya. Kwarin da ƙauyen Gashaka yake bai kai mita 500 ba. Ke nan mai tasowa daga ƙasa zai ɗaga jikinsa da kayansa kusan kilomita 2 a tsaye, kuma ba a jere ba, domin hanyar tana hawa, ta gangara cikin kwari, ta sake hawa, duk abin da ka sauka sai ka sake biyansa da gumi. Shi ya sa tafiyar ta wannan ɓangaren kwanaki take ɗauka. Masu ƙarancin lokaci sukan zagaya ta tsaunin Mambila, inda mota ta riga ta kai su wajen mita 1,500 kafin su sa ƙafa a ƙasa.

Masu hawan duwatsu suna da wata tsohuwar ƙa'ida da wani ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya tsara a 1892, har yau kuma da ita ake fara lissafi. Ka ware awa 1 ga kowane kilomita 5, sannan ka ƙara awa 1 ga kowace mita 600 ta hawa. Mu ɗauki zango mai kilomita 12 wanda jimillar hawansa mita 900 ne. Nisan kawai awa 2 da minti 24, hawan kuma awa 1 da rabi, an tashi kusan awa 4. To amma Naismith ya yi lissafinsa ne a kan ƙaƙƙarfan mutum da ya saba, ba shi da kaya mai nauyi, ba ya tsayawa ko'ina. A kurmi akwai saiwoyi da suka sarƙe hanya, akwai itacen da ya faɗi sai an tsallake ko an rarrafa ta ƙarƙashinsa, akwai rafi da za a tsaya a duba mashiga. Ga jaka a baya, ga ayari wanda dole ya bi saurin wanda ya fi kowa rauni. Don haka a ƙara sulusi ko rabin lokacin, awa 4 ta koma kusan 5 da rabi ko 6. A sa hutun minti 10 a kowace awa, da salla, da cin abinci, sai ga awa 7 da ɗoriya. Wannan shi ne lissafin gaskiya na kilomita 12 ɗin nan.

Daga nan sai a ɗora lissafin a kan hasken rana, wanda ba ya ƙaruwa don wani ya makara. A wannan yanki rana ba ta cika wuce awa 12 ba, a watannin rani tana faɗuwa tsakanin shida saura da shida da rabi, kuma da ta faɗi duhu ba ya jira. A cikin kurmi ma duhun yakan riga na fili da kamar rabin awa, saboda rassa sun rufe sama. Wanda ya san aikin yana tayar da ayari da an idar da sallar asuba, gari na fara wayewa, ya ci mafi wuyar hawan kafin ƙarfe goma sha ɗaya, ya kuma yi niyyar isa masauki wajen ƙarfe huɗu, don a samu hasken kafa tanti da ɗibar ruwa da girki. Ranar da za a hau ƙololuwa a dawo, tun da dare ake yanke lokacin juyawa, a ce misali ƙarfe ɗaya, an kai ko ba a kai ba. Dalilin yanke shi tun da wuri shi ne a kan dutse ido yana yaudara. Za ka ga tudu a gabanka ka rantse shi ne ƙarshe, ka hau shi ka tarar da wani a bayansa, da wani kuma bayan wancan. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mutumin da ya gaji kuma ya ƙwallafa rai ba ya yanke hukunci mai kyau, gara a yanke masa tun yana cikin hayyacinsa.

Shi hawan kansa akwai yadda ake yinsa. Sabon shiga yana fara da ƙarfi, ya yi minti goma yana haki, ya zube, ya tashi ya sake. Wannan tsaye-tsayen ya fi tafiyar gajiyarwa. Abin da ake so shi ne gajeren taku, a sa tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, ba a ɗage a kan yatsu ba, domin tafiya a kan yatsu tana ƙone sha-raɓa nan da nan. Ma'aunin saurin kuwa bakinka ne: in ba za ka iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda ba sai numfashi ya katse ka, ka yi sauri da yawa. Inda hawan ya miƙe sosai, a kowane taku ka miƙar da ƙafar baya na ɗan lokaci kaɗan, nauyinka ya hau kan ƙashi, naman cinya ya samu sararawa. Duba yadda makiyayan tsaunin ke bin shanu: ba sa fuskantar tudu kai tsaye, a karkace suke yanka shi, su juya, su sake yankawa. A kusa da ƙololuwa iskar da kake shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da bakin teku, don haka hakin zai ƙaru. Ciwon tudu na sosai, mai ciwon kai da amai, ya fi kama mutane daga mita 2,500 zuwa sama, Chappal Waddi kuma bai kai nan ba, amma mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ya ga likita kafin ya sa rana.

Inda aka fi samun rauni kuwa saukowa ne, kuma nan ne mutane suka fi sakin jiki. A hawa huhu ne ke wahala, shi kuwa huhu yana farfaɗowa cikin minti biyar. A gangara cinya da gwiwa ne ke aikin birki. Naman gaban cinya yana miƙewa alhali yana riƙe da nauyi, irin wannan aikin kuma yana yi wa tsoka ƙananan tsage-tsage da ba a ji nan take. Ciwon yakan bayyana washegari, ya fi tsanani a rana ta biyu, daidai lokacin da mai tafiyar kwanaki yake da sauran hanya a gabansa. Kowane taku na gangara yana sauke wa gwiwa ninkin nauyin jiki, har da na jakar da ke baya. Idan cinya ta gaji sai ƙafa ta daina sauka inda ido ya nufa, daga nan sai targaɗe a idon sawu, ko zamewa a kan tsakuwa.

Maganin ba wuya gare shi, sai dai yana son haƙuri. A rage tsawon taku. A bar gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada a sandare ta. Kada a kwantar da jiki baya don tsoron faɗuwa, domin hakan ne ma yake sa dunduniya ta sulɓe, nauyi ya kamata ya tsaya daidai saman ƙafa. A wurin da ya yi tsaye ainun a juya gefe a sauka kamar mai saukowa daga tsani. Sanda kuwa ba kayan ado ba ce: irin ta Fulani, mai tsawon da ya kai kafaɗa, ta fi gajeriya amfani a gangara, domin kana dasa ta ƙasa da kai kafin ka sauke ƙafa. Kuma kada a ɗauka saukowa za ta yi sauri. A gangare mai laushi ana samun rarar lokaci, amma a mai tsanani masu lissafi suna ƙara minti 10 ne ga kowace mita 300. Busasshen ganye a kan jar ƙasa, da gansakuka a kan dutsen bakin rafi, da saiwar da raɓa ta jiƙa, santsinsu ɗaya da sabulu.

Maganar takalmi ta shigo nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon takalmi da aka saya jiya a kasuwa shi ne ke fara kayar da mutum, a taka shi aƙalla mako biyu ko uku a gida, a hau tudu da shi, a san inda yake ciwo. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin, domin ƙafa tana kumbura da tafiya, a gangara kuma tana zamewa gaba. Wanda takalminsa ya matse, ko bai yanke farce ba, zai dawo da baƙin farce wanda zai fita bayan makonni. Kafin a fara gangara a tsaya a ƙara ɗaure igiyar ta wajen idon sawu don dunduniya ta zauna. Bororon ƙafa kuma ba ya zuwa sai ya yi sallama: wurin yakan fara zafi-zafi tukuna. Da ka ji haka ka tsaya, ka cire safa, ka busar da ƙafar, ka manna filasta. Minti biyar ɗin nan sun fi kwana uku na ɗingishi. Safar auduga tana riƙe gumi ta jiƙa fata, jiƙaƙƙiyar fata kuma ita ce ke saurin salewa, don haka ta ulu ko ta roba-roba ta fi, a kuma riƙe ta canji a cikin leda.

Jakar goyo da duk abin da ke cikinta kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Mai kilo 70 ya tsaya a kilo 14. Masu nauyi, wato ruwa da abinci, a sa su a tsakiya kusa da gadon baya, a ɗaure maɗaurin ƙugu sosai don ƙugu ya ɗauki yawancin nauyin, ba kafaɗa ba. Abin da ya haura wannan a ba 'yan dako, a yi ciniki da su tun a gari, a kuma auna musu kayan da adalci, su ma gwiwa gare su.

Ruwa shi ne lissafi mafi wuya, saboda lita guda kilo guda ce. A tafiya matsakaiciya jiki yana son kamar rabin lita a awa, a hawan kwari da rana tsaka yakan kai lita guda. Tafiyar awa 7 ke nan tana neman lita 4 zuwa 5, wanda ba kowa zai iya goyawa a kan sauran kaya ba. Abin yi shi ne a ɗauki lita 2 ko 3, a san daga bakin ɗan jagora inda ƙorama ta gaba take, da ko tana da ruwa a wannan watan. A kwari ruwa ba ya wuya. A kan doron tsauni ne ake shan mamaki, domin ruwan yana can ƙasa cikin kwazazzabo. Duk kyan ruwan a ido kada a sha shi haka, musamman a saman tsauni inda shanu ke sha suna kashi a ciki. A tace da tsumma mai tsabta, a tafasa ya yi minti 1 yana ɓararraka, a sama da mita 2,000 kuma minti 3. In ƙwayar tsarkake ruwa ce irin su Aquatabs, a jira minti 30 kafin a sha, kuma ba ta aiki da kyau a ruwa mai laka. Gudawa a tsakiyar daji, kwana biyu daga mota, ba ƙaramar magana ba ce.

Gumi kuma ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishiri. Wanda ya wuni yana ɗura ruwa zalla bai ci komai ba, zai ji kasala da ciwon kai da tashin zuciya, ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara sha, abin ya ƙara muni. A riƙe 'yan ƙullin gishiri da sukari na kemis. In babu, a lita guda ta ruwa mai tsabta a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, kada a yi tozo. Fitsari shi ne shaida: in ya yi ja kuma ya yi kaɗan, ruwa bai isa ba. Abinci kuwa namu na gida ya wadatar, ƙuli-ƙuli da dabino da soyayyiyar gyaɗa da kilishi da garin kwaki, a ci kaɗan-kaɗan a kowane hutu maimakon a cika ciki sau ɗaya. Na dare a zaɓi mai saurin nuna. A can sama ruwa yana tafasa tun zafinsa bai wuce digiri 92 ba, wake sai ya cinye maka itace da haƙuri bai nuna ba.

Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne sanyi. A ƙa'ida duk hawan mita 1,000 zafin iska yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi, don haka tsakanin kwarin Gashaka da ƙololuwa akwai bambancin kusan digiri 13, kafin a sa iskar da ke kaɗawa a fili ba abin da ya tare ta, kafin kuma a sa daren hunturu. Haɗarin yana cikin jerin abubuwan ne. Ka hau kana gumi, rigar auduga ta jiƙe sharkaf, ka fito daga kurmi zuwa filin ciyawa, ka zauna hutawa, iska ta bugi jiƙaƙƙiyar rigar. Cikin ɗan lokaci sai makyarkyata. In aka ga mutum yana rawar ɗari, hannunsa ya kasa ɗaure igiya, maganarsa ta fara harɗewa, ko ya yi shiru ya daina kula da kowa, sanyi ya shiga jikinsa. A cire masa jiƙaƙƙen kaya, a sa masa busasshe, a raba shi da ƙasa da tabarma ko jaka, a kare shi daga iska, a ba shi shayi mai zafi da sukari in yana iya haɗiya. Rigar sanyi da hula da rigar ruwa da bargo su shiga jaka ko da a Serti zafi ake kamar a tsaga, kuma kayan barci a naɗe su a leda, ba a taɓa su sai dare.

Lokacin tafiyar daga Disamba ne zuwa Maris. Damina a nan doguwa ce, tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba ko ta ɗan wuce, ruwan kuma mai yawa ne, har hanyar mota zuwa Gashaka takan gagara. Rafin da aka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, da la'asar yana iya kai ƙirji, ko da ba a yi ko yayyafi a inda kake ba, domin a can sama aka yi ruwan. In ka ga ruwa ya rine ya koma ja, yana ɗauke da ganye da karmami, ko kana jin duwatsu suna gungurawa a ƙarƙashinsa, ka zauna ka jira. Irin waɗannan rafuffuka yadda suke saurin cika haka suke saurin janyewa. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa ya isa ya ɗauke babban mutum. In za a tsallaka, a nemi inda rafin ya yi faɗi, nan ne ya fi rashin zurfi da ƙarfi. A kwance maɗaurin ƙugu da na ƙirji don a iya yar da jaka in an faɗi, a fuskanci inda ruwan ke fitowa, a dogara da sanda, a ja ƙafa ɗaya bayan ɗaya a gicciye. Kada a shiga ba takalmi. A manyan koguna na kwari kuwa akwai dorina da kada, ba a wanka sai inda ma'aikacin gandun ya nuna. A farkon damina da ƙarshenta hadari yakan taso da rana ba zato. Tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita guda ce, in ka ƙirga ƙasa da 30, sauka daga doron tsauni, ka nisanci itace tilo.

Maciji yana nan, amma yawanci shi ma gudun mutum yake. Kasa ce ba ta gudu, tana kwance cikin busasshen ganye ta saje da shi. Kububuwa kuma ta fi son fili mai duwatsu da ciyawa a ƙasa-ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi awoyi yana ganin lafiyarsa ƙalau kafin jini ya fara fita ta dasashi. Dogon wando da takalmi mai rufe idon sawu da tocila da dare suna kawar da yawancin haɗarin, haka ma kakkaɓe takalmi da safe, da rashin sa hannu a ramin da ido bai gani ba. In an yi sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba, ɗaurin nan yakan kashe gaɓar da za ta iya tsira. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a ɗora wa gaɓar kara kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutumin in da hali, a nufi asibitin da ke da allurar dafin maciji. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara a wannan aiki, amma yana da nisa ƙwarai daga nan, don haka tun a Serti a tambayi inda allurar take mafi kusa. Ƙananan halittu ma sun fi maciji damun mutum: ƙudan tsando da ke son baƙi da shuɗin kaya, ƙananan baƙaƙen ƙudaje na bakin ruwa mai gudu masu yaɗa cutar makantar kogi, kaska a cikin ciyawar da shanu suka bi, da kwarkwasa da kan ratsa masauki da dare. Kaya masu ruwan ƙasa da dogon hannu, da gidan sauro, da maganin zazzaɓin cizon sauro a jaka.

Duk wannan lissafin yana tsaye ne a kan ɗan jagora, kuma a nan ne maganar mallakar dajin ta shigo. Akwai masu ganin abin gwamnati ba na kowa ba ne, kowa ya shiga yadda ya ga dama. Doka ba ta ce haka ba: ba a shiga gandun dajin ƙasa sai da izinin hukumarsa, ana biyan kuɗin shiga, ana tafiya da ma'aikacin gandun, kuma farauta da sare itace da kama kifi ba izini da cinna wuta laifuffuka ne. Ko da ba doka, hankali ma zai ce a yi hakan. Hanyoyin nan ba su da alluna. A saman tsauni turbar shanu goma ce ta rabu daga wuri ɗaya, kowacce kamar ita ce hanya, hazo ko gajimare kuma yana iya rufe komai cikin minti kaɗan. Waya ba ta da sabis a yawancin wuraren. Taswirar da aka sauke a waya tana taimakawa muddin batir yana nan, amma ba za ta gaya maka ƙoramar da ta ƙafe ba, ko kwarin da ɓauna ke kwana, ko inda ake zaman ɗar-ɗar da masu sare madobiya da masu haƙar ma'adinai ta ɓarauniyar hanya a wannan watan. Da ɗan gari akan ci gari. Ƙololuwar kuma a kan iyakar Kamaru take, don haka katin shaida ya kasance a aljihu. Wanda ya rabu da ayari ya tsaya inda yake, ya busa usur sau uku, ya saurara, ya sake. Bin rafi don neman mafita, wanda wasu ke ba da shawara, a ƙasa irin wannan yakan kai mutum bakin gangaren da ba ya sauka ba ya komawa.

Akwai kuma mutane a cikin dajin. Lokacin da aka shata shi an bar wasu yankuna a kan tsaunuka, irin su Filinga da Selbe da Chappal Hendu, inda makiyaya da manoma ke zaune bisa yarjejeniya. Baƙo ya fara gaida jauro ko arɗo kafin ya kafa tanti, ya sayi nono da kuɗinsa, kada ya ɗauki hoton kowa ko na shanunsa sai ya tambaya. Su ne za su ɗauke ka in ƙafarka ta karye.

Kurmin nan yana cikin manyan mafakar da suka rage wa birin nan chimpanzee, wanda mutanen yankin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan gindin itace ana ji daga nesa. Jikinsa ya yi kusa da namu har murar ɗan Adam tana kama shi, ta kuma iya kashe shi. In Allah ya sa an haɗu, a tsaya nesa, aƙalla mita 10, kada a miƙa abinci, mai tari ko mura ya ja baya. Saboda wannan dalilin ne ma bayan gida yake da ƙa'ida: a nisanci ruwa da taku 70, a haƙa rami zurfin taƙi guda, a rufe. Wanka da wanki da sabulu a ɗebi ruwan a koma gefe. Ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan nan shi ke ciyar da kogin Taraba, ya zuba a Binuwai, akwai masu sha a ƙasa. Leda da gwangwani da batir, yadda suka shigo a jaka haka za su fita. Inda hanya ta yi lanƙwasa a jikin tudu kada a yanke ta don sauri, sawun mutum goma ya isa ya buɗe wa ruwan damina hanya, shekara mai zuwa wurin ya zama kwazazzabo. Wuta kuwa a watan Janairu da Fabrairu, ciyawa ta bushe ƙayau ga iskar hunturu, guntun sigari ya isa ya cinye gefen tsauni, kuma wuta ta fi gudu in tana hawa tudu, ta fi mutum sauri nesa ba kusa ba. A share wurin girki har ƙasa, a kewaye da duwatsu, a kashe da ruwa, a sa hannu a ji tokar ta huce.

Saura yawan ayari. Mutum huɗu shi ne mafi ƙaranci: in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako. Ɗaukar babban mutum a makarar kara a kan irin wannan hanya yana son mutum shida zuwa takwas suna karɓa-karɓa, kuma zangon awa 3 yakan koma wuni. Kafin a tashi a bar wa ofishin gandun da wani a gida sunayen matafiya, da hanyar da za a bi, da ranar fitowa, da ranar da in ta wuce ba a ji ɗuriyarku ba a fara nema. In kun fito, ko ta wata hanyar daban kuka ɓulla, ku koma ku shaida musu kun fito, don kada a tura mutane cikin kurmi neman waɗanda suka riga suka kama hanyar Jalingo.